Shin ƙurajen fuskata daga hanji suke tasowa?

Rukayya:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman ƙarin haske daga masu ilimin lafiya, da kuma waɗanda suka taɓa shiga irin halin da nake ciki. Shekaruna 27, kuma tun ina 'yar shekara 16 nake da ƙurajen fuska, sai dai a da sukan zo su tafi ba tare da sun hana ni sukuni ba. Shekara 2 da suka wuce ne suka tsananta, suka mamaye haɓa da gefen muƙamuƙi, wasunsu manya masu zafi waɗanda ko sun baje sai sun bar baƙin tabo. Likitan da na fara gani ya rubuta mini doksisayikilin, wani antibayotik, wato maganin kashe bakteriya, na wata 3, na kuma ga sauƙi ƙwarai, amma da na daina sai suka dawo. Maimakon in koma wurinsa, sai na ci gaba da sayen maganin da kaina ina sha har kusan wata 11, kuma wannan kuskurena ne, ban ɗora wa kowa ba.

A cikin waɗannan watanni ne cikina ya canza. Da zarar na ci abinci sai ya kumbura ya cika da iska, bayan gida kuma ya daina tsayawa a hali ɗaya, yau gudawa, jibi tauri. Na daina maganin wata 4 ke nan, amma cikin bai koma yadda yake ba. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, a makon da cikin ya fi damuna, a makon ne fuskar ma take fi lalacewa.

Shawarwari sun yi mini yawa. Wata ta ce dattin ciki ne yake fitowa ta fata, don haka wankin ciki nake buƙata. Wata ta ce in sayi ƙwayoyin furobayotik, wato waɗanda aka ce suna mayar da bakteriya masu amfani cikin hanji. Wata kuma ta ce in bar madara da duk abin da aka yi da alkama. Tambayata ita ce, da gaske ne akwai alaƙa tsakanin lafiyar hanji da lafiyar fata, ko kuwa dacewa ce kawai? Idan akwai, wanne daga cikin waɗannan shawarwari ne yake da tushe? Na gode, Allah ya saka da alheri.

Dakta Bashir:

Wa alaikumus salam, Malama Rukayya. Allah ya ba ki lafiya. Alaƙar da kike tambaya a kai gaskiya ce, kuma ba yau aka fara lura da ita ba. Tun a shekarar 1930 wasu likitocin fata biyu a Amurka, John Stokes da Donald Pillsbury, suka rubuta cewa damuwa da tashin hankali suna iya canza yanayin bakteriyar hanji, canjin kuma ya kai ga kumburi a fata. A lokacin ba su da kayan aikin da za su tabbatar da hasashensu, sai a shekarun baya-bayan nan ne aka sami damar ƙirga waɗannan halittu da tantance su.

Ga yadda abin yake. A jikin baligi akwai bakteriya kimanin tiriliyan 38, kamar yadda wani lissafi na shekarar 2016 ya nuna, kuma mafi yawansu a babban hanji suke zaune. Abin da ya raba su da jininmu shimfiɗa ce mai kaurin ƙwayar halitta ɗaya tak, wadda take sabunta kanta cikin 'yan kwanaki, a bayanta kuma akwai tarin dakarun garkuwar jiki. Idan aka baje cikin hanji, faɗinsa ya kai kusan murabba'in mita 30, alhali fata ba ta wuce kusan 2 ba. Wato wurin da garkuwar jiki ta fi haɗuwa da abubuwan waje shi ne hanji, kuma a can take koyon abin da za ta yaƙa da abin da za ta ƙyale. Bakteriyar kuma suna cin faiba, wato ɓangaren ganye da hatsi da wake da cikinmu ba ya iya narkarwa, su fitar da wasu sinadarai, musamman wanda ake kira butiret, wanda shi ne abincin bangon babban hanji kuma yana taimakawa wajen kwantar da kumburi. Garkuwar da aka horar a hanji ita ce dai take zagayawa cikin jini har zuwa fata.

Sai dai ya kamata a bambanta abin da ya tabbata da abin da har yanzu ake bincikensa. Akwai cututtukan da babu ja a kansu. Masu ciwon kumburin hanji mai daɗewa, irin wanda aka sa wa sunan Burrill Crohn bayan bayanin da ya yi a 1932, sukan sami jajayen kulli masu zafi a ƙwauri, sau da yawa a daidai lokacin da ciwon hanjin ya motsa, wasu kuma su sami gyambo mai wuyar warkewa. Cutar soriyasis, mai sa fata yin kauri da saɓa, tana da hanyar kumburi iri ɗaya da ciwon Crohn, har ta kai akwai allura guda da ake ba masu wannan da masu wancan. Jaririn da hanjinsa ba ya iya tsotsar sinadarin zink yakan sami ƙuraje kewaye da baki da mazaunai, tare da gudawa da zubewar gashi, kuma da an ba shi zink sai ka ga fatar ta gyaru cikin ɗan lokaci. Haka nan ƙarancin bitamin B3 yana kawo cutar felagara, wadda alamominta su ne duhu da tsagewar fata a wuraren da rana ke bugu, da gudawa, da rikicewar tunani. Tsutsar ciki ma tana iya jawo borin jini da ƙaiƙayi. A duk waɗannan, wanda ya tsaya shafa mai a fata bai duba ciki ba ya yi aikin baban giwa.

Ƙurajen fuska irin naki kuwa, hujjar da ke akwai ta fi karkata ga abinci da homon, wato sinadaran da jiki ke fitarwa cikin jini don daidaita ayyukansa, fiye da bakteriyar hanji kansu. Abinci mai saurin ɗaga sukarin jini, kamar lemon kwalba da kayan zaƙi da farin gari da aka tace, yana sa insulin, homon da ke daidaita sukarin jini, ya hau, shi kuma ya motsa wasu homon da ke ƙara yawan maiƙon fata da toshewar ƙofofin gashi. A shekarar 2007 an wallafa wani gwaji da aka yi a Ostireliya da samari 43 na tsawon mako 12, waɗanda aka ɗora a kan abinci mara saurin ɗaga sukari suka fi samun raguwar ƙuraje. Gwajin ƙarami ne, amma wasu da suka biyo baya sun nuna hanya ɗaya. Game da madara, an sha ganin masu yawan shanta, musamman wadda aka cire wa mai, sun fi samun ƙuraje, sai dai wannan lura ce, ba ta kai matsayin tabbatar da sababi ba.

A ganina, labarinki ya fi nuna cewa maganin ne ya taɓa cikin. Doksisayikilin ba ya bambanta bakteriyar da ke cikin ƙurji da waɗanda ke hanji, shi ya sa ƙa'idar likitocin fata ita ce kada a wuce wata 3 zuwa 4 ana shansa, kuma a haɗa shi da na shafawa irin su benzoyil feroksaid ko adafalin, domin idan an daina sha na shafawar su riƙe nasarar da aka samu. Wata 11 lokaci ne mai tsawo. Abin da kika lura da shi na tashin ciki da fuska a mako ɗaya kuma ban raina shi ba, amma ki duba ko akwai abu na uku da ke tayar da su tare, kamar kusantowar al'ada, ko rashin barci, ko damuwa, domin duk ukun suna taɓa ciki suna kuma taɓa fata.

Idan kina ganin jini a bayan gida, ko kina ramewa ba dalili, ko gudawa tana tashin ki cikin dare, ko akwai zazzaɓi da gyambon baki mai yawan dawowa, to kada ki jira komai, ki ga likita a yi gwajin jini da na bayan gida.

Maman Yasir:

Ƙanwata Rukayya, sannu da jiki. Ni ba ma'aikaciyar lafiya ba ce, amma na sha wahalar da ta sa ba zan iya wuce wannan tambaya ban ce komai ba. Shekara 6 na yi ina fama da wasu ƙananan ƙuraje masu ruwa a gwiwar hannu da ta ƙafa da mazaunai da ƙeya, kullum a ɓangarori biyu daidai wa daida, masu ƙaiƙayin da yake hana barci, har nakan sosa sai jini ya fito kafin ma in ga ƙurjin. An yi mini maganin ƙazuwa har sau 3, an wanke duk kayan gidan da ruwan zafi, alhali babu wanda ya kamu sai ni kaɗai. Duk tsawon lokacin nan ana ce mini jinina ya yi ƙasa, ina shan maganin ƙarin jini ba ya hawa, kuma ba wanda ya haɗa wannan da wancan.

Sai da wata likitar fata ta yanki ɗan ƙaramin yanki daga gefen ƙurjin aka auna, aka kuma yi gwajin jini, sannan aka gane cewa cutar siliyak ce. Garkuwar jikina ce take faɗa da gulutin, wani sinadari da ke cikin alkama da sha'ir, faɗan kuma yake lalata bangon ƙaramin hanji har ya kasa tsotsar sinadarin ƙarfe, abin da garkuwar ta ƙera kuma ya je ya taru a ƙarƙashin fata. Abin mamaki shi ne cikina bai taɓa damuna sosai ba, fatar ce kawai take ta ƙara. Daga baya na karanta cewa tun 1884 wani likita mai suna Louis Duhring ya siffanta waɗannan ƙuraje, sannan wani likitan yara a Holan, Willem Dicke, ya lura cewa yara masu wannan ciwo sun sami sauƙi a lokacin yunwar 1944 zuwa 1945 da burodi ya yi wuya, suka kuma koma ciwo da burodin ya dawo. An ce kusan mutum 1 cikin 100 yana da cutar, da yawa ba su sani ba.

An ba ni wani magani mai suna dafson, bayan an fara auna jinina don tabbatar da cewa ba zai fasa mini jajayen ƙwayoyin jini ba, kuma cikin kwanaki ƙaiƙayin ya lafa. Amma ainihin maganin shi ne barin gulutin har abada, kuma sai da na yi fiye da shekara a kan haka kafin aka fara rage mini ƙwayar.

Dalilin da ya sa na kawo wannan shi ne shawarar da aka ba ki ta barin alkama. Ina roƙon ki kada ki bar ta kafin a gwada ki. Gwajin yana neman alamar faɗan ne a cikin jini, idan kika daina ci na makonni alamar takan ragu, sakamako ya fito kamar ba ki da komai, ki rasa gane inda kika tsaya. Ƙurajenki ba su yi kama da nawa ba, amma tun da kina da kumburin ciki da gudawa, ba laifi ki nemi a haɗa da wannan gwajin.

Nura Famasis:

Assalamu alaikum. Ni aikina harhaɗa magunguna ne, kuma zan tsaya a kan shawarwari biyu na farko, domin su ne na fi ganin mutane suna kashe kuɗi da lafiyarsu a kai.

'Yar'uwa, ki bar maganar wankin ciki. Tunanin cewa bayan gida yana ruɓewa a hanji yana sa wa jiki guba tsoho ne, har likitoci sun taɓa yarda da shi. A farkon ƙarni na 20 wani shahararren likitan tiyata a Landan, Arbuthnot Lane, ya riƙa cire wa mutane babban hanji a kan wannan fahimta, kafin a tabbatar da cewa ba ta da tushe a yi watsi da ita. Aikin tace guba na hanta ne da ƙoda, kuma ƙurjin fuska ba ƙofar fitar datti ba ce, ƙofar gashi ce da maiƙo da matacciyar fata suka toshe, bakteriya suka samu wurin zama. Magungunan da ake sayarwa da sunan wanke ciki yawancinsu masu sa gudawa ne, suna zubar da ruwa da gishirin jiki irin su fotasiyam, wanda bugun zuciya ya dogara da shi. Ke da hanjinki yake ƙoƙarin farfaɗowa daga wata 11 na maganin kashe bakteriya, ƙara masa gudawa da gangan tamkar fami ne a kan gyambo.

Furobayotik kuwa ba zan ce ƙarya ba ne, amma tallarsa ta fi hujjarsa girma. Kowane nau'i aikinsa daban, abin da aka gani a ɗaya ba a ɗora shi a kan sauran. A Finlan, a wani gwaji da aka wallafa a shekarar 2001, an ba mata masu juna biyu da jariransu wani nau'i na bakteriyar Lactobacillus, aka ga ciwon ekzima, wato bushewar fata mai ƙaiƙayi, ya ragu da kusan rabi a wurin yaran zuwa shekara 2. Wannan rigakafi ne a jarirai. Da aka tattara gwaje-gwajen da aka yi wa waɗanda ciwon ya riga ya kama, babban bitar da ƙungiyar Cochrane mai tantance binciken lafiya ta fitar a 2018 ta ce bambancin kaɗan ne ko ma babu. A shekarar 2018 ɗin kuma wani bincike a Cibiyar Weizmann ta Isra'ila ya nuna cewa waɗanda suka sha furobayotik bayan antibayotik, bakteriyarsu ta asali ta fi jinkirin dawowa fiye da ta waɗanda aka ƙyale. Ga ƙurajen fuska kuwa, gwaje-gwajen da ake da su ƙanana ne, ba su isa a ce wa mutum ya dogara da su ba.

Da ni ne ke, da kuɗin ƙwayoyin nan a abinci zan sa su. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba baligi shawarar aƙalla giram 25 na faiba a rana, daga ganyaye da 'ya'yan itatuwa da wake da hatsin da ba a cire wa dusa ba. Ki ƙara a hankali cikin makonni tare da shan ruwa, domin idan kika ƙara gaba ɗaya iskar za ta fi ta yanzu. Abincin da aka tsima ma yana da amfani: a gwajin da Jami'ar Stanford ta wallafa a 2021, waɗanda suka yi mako 10 suna cin irinsa, kamar yogot mara sukari, sun sami ƙaruwar nau'o'in bakteriyar hanji da raguwar alamomin kumburi a jini. Ba a auna fuska a gwajin ba, don haka ban yi miki alkawarin komai a kanta ba.

Rukayya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da mafificin alheri. Dakta, babu jini a bayan gida kuma ban rame ba, hasali ma ƙiba na ƙara a shekarun nan biyu. Da ka ambaci al'ada sai na tuna abin da ban faɗa ba domin ban ɗauka yana da alaƙa ba: al'adata takan yi wata 2 ko 3 ba ta zo ba, kuma wasu 'yan gashi masu kauri sun fara fito mini a haɓa. Anti Maman Yasir, zan nemi gwajin kafin in taɓa alkama in sha Allah. Sauran tambayata ita ce madara, in bar ta ko in ci gaba?

Dakta Bashir:

Malama Rukayya, wannan da kika ƙara ya fi duk abin da ya gabata muhimmanci. Ƙuraje a haɓa da muƙamuƙi ga mace baliga, tare da jinkirin al'ada da gashin haɓa da ƙarin ƙiba, suna sa likita ya fara tunanin ciwon da ake kira PCOS, inda homon irin na maza yake yin yawa a jikin mace, sau da yawa tare da rashin jin insulin yadda ya kamata. Ba zan iya yanke hukunci daga nesa ba, domin matsalar maƙoƙo da wasu abubuwan ma suna kawo irin haka, amma idan shi ne, ya bayyana dalilin da ya sa ƙurajen suke dawowa duk lokacin da kika daina antibayotik, tun da maganin bai taɓa tushen ba. Ki ga likitan mata, ki faɗa masa duk waɗannan alamomi a zama ɗaya, a auna homon da sukarin jini, a yi hoton mahaifa da ƙwai idan ya ga buƙata, a kuma haɗa da gwajin siliyak da na bayan gida saboda cikin. Ki sanar da shi idan kina da niyyar ɗaukar ciki, domin doksisayikilin da adafalin ba a amfani da su ga mai juna biyu, ƙwayar aisotiretinoyin kuwa, wadda ake bayarwa don ƙuraje masu tsanani, tana nakasa ɗan tayi.

Game da madara, za ki iya gwadawa, amma abu ɗaya a lokaci ɗaya. Ni zan so ki fara da rage lemon kwalba da kayan zaƙi, domin a nan hujjar ta fi ƙarfi, kuma zai amfane ki ko da PCOS ɗin ne. Ki ba shi mako 8 zuwa 12, saboda ƙurjin da kike gani yau ya fara haɗuwa ne makonni da suka wuce, kuma mako ɗaya ko biyu ba sa nuna komai. Ki riƙa ɗaukar hoton fuskarki sau ɗaya a mako a wuri ɗaya da haske ɗaya, kina rubuta ranar al'ada da yanayin ciki da barci. Bayan haka, idan kina so, ki ajiye madara na wata 2, sannan ki dawo da ita ki ga ko akwai bambanci. Idan iskar cikin ce kawai ta ragu fuskar ba ta canza ba, wataƙila sukarin madarar ne cikinki ba ya narkarwa da kyau, kuma irin waɗannan mutane da yawa suna iya shan yogot ba tare da damuwa ba. Idan kuma kika yanke shawarar barin ta na dogon lokaci, ki tambayi likitanki ta inda za ki maye gurbin sinadarin kalsiyam. Littafin da kika rubuta waɗannan abubuwa a ciki, ki tafi da shi ranar ganin likita.